Mayar da tsofaffin masana'antu gidajen zama da sana'a: abin da aka tattauna

Jama'a, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Izini tukuna. Ginin da aka yi wa rajistar masana'anta ko sito ba a zama a cikinsa sai hukuma ta sauya masa matsayi. An kawo misalin unguwar SoHo a New York: masu zane sun tare a tsofaffin masana'antu tun shekarun 1960 ba bisa doka ba, sai a 1982 jihar ta yi dokar kare irin waɗannan mazauna.

2. Injiniya ya duba ginshiƙai da rufi kafin a biya kuɗi. A kuma gwada a ga ko akwai asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da ake samu a tsofaffin kayan gini) da fenti mai dalma. Wannan ya fi damuna, domin ƙurarsu ke illa idan an fara rusau, ma'aikata da yara ne kuma ke fara shaƙa.

3. Ƙofofin tsira daga gobara, ba ragi.

Inda aka rabu:

Tagogi. Wasu sun ce a sa sababbi don rage kuɗin ɗumama ɗaki, tunda rufin na da tsayi. Wasu suka ce a gyara na asali, domin su ne fuskar ginin, kuma a Amurka sauya su na iya hana mai gini rangwamen haraji na kashi 20 na gyaran ginin tarihi. Ni dai ina bayan masu gyara.

Hayaniya ma ba a daidaita ba: mai walda da mai jariri a bene ɗaya, wasu sun ce bango mai kauri ya isa, wasu sun ce a ƙayyade lokutan aiki a rubuce.