Girbin shinkafa: 'yan Damagaram ko yaran gari?

Manomin Auyo: Salamu alaikum. Shinkafata ta rani eka uku ta nuna, saura mako guda. Samari biyar 'yan ci-rani daga Damagaram sun ce jinga dubu 90, ciyarwa a kaina. Yaran garinmu sun tsaya a dubu 130, kuma biyu a cikinsu 'ya'yan yayana ne. Wa zan ba?

Baba na Kura: Wa alaikumus salam. Ɗauko injin girbi haya ka huta.

Manomin Auyo: Baba, fadama ce, laka ba ta barin inji ya shiga.

Mai Albasa: Kar ka ba kowa kafin alƙalami, shi ke nan. Bara na ɗauki huɗu, na ba su zaure, uwargida tana tuƙa tuwo safe da dare, har na biya wa ɗaya kuɗin allura da zazzaɓi ya kayar da shi. Na ba su rabin kuɗi. Kwana uku aka yi musu waya wai zinare ya fashe a Djado, can arewacin Nijar, da asuba sai tabarmi na tarar. Da na koma wa yaran gari suka ninka mini kuɗi, suna dariya. Shinkafar nan a ƙasa ta zube, tsuntsaye suka yi walima.

Ɗan Maigatari: Allah ya mayar da alheri, amma mutum huɗu ba su ne Nijar ba. Ka zo kasuwarmu ran Alhamis ka ga wa ke kora shanu, wa ke dako. Namu suna Legas da Abuja kan babur. Kuma dubu 90 ta yi arha da yawa, ina shakka. Tun da naira ta faɗi a 2023, jaka ɗaya ta sefa ta haura naira dubu biyu, wanda zai canza ya kai gida ba ya karɓar ƙaramin kuɗi yanzu.

Baba na Kura: A Kadawa dubu 50 ake yanke eka.

Mai Albasa: Da bugu ko ba bugu? Mu nan 35.

Malamin Makaranta: Baƙi su ke karya farashin ƙwadago, shi ya sa matasanmu ke gudu birni.

Ɗan Maigatari: Malam, da girmanka, yaushe rabonka da riƙe lauje?

Malamin Makaranta: Sai na riƙe lauje zan san lissafi?

Na Gujungu: Ba 'ya'yan yayanka kawai, in sun gudu ka san ɗakin uwarsu.

Baba na Kura: Ku kuna ta kuɗin yanka. In an yanke wa zai saya? Lokacin da Buhari ya rufe boda a 2019 har gona 'yan kamfani ke biyo mu. Tun da aka ɗage harajin shigo da abinci a 2024 shanshera ta faɗi warwas, taki kuwa bai sauko ba.

Mai Albasa: Kar ka tuna mini taki. Nawa kuka sayi yuriya bana?

Manomin Auyo: Jama'a, yayan nawa ya aiko wai in same shi bayan isha'i.