Shawarwarin da masu zanen katun suka bayar bayan kallon fim kan Ren & Stimpy

Wasu matasa masu zanen katun sun haɗu a Unguwar Rimi, Kaduna, suka kalli Happy Happy Joy Joy, fim ɗin 2020 kan tarihin katun ɗin Ren & Stimpy, wanda tashar Nickelodeon ta fara nunawa a 1991.

Shawarar farko ta iyaye ce: fim ɗin ba na yara ba ne, ko shi katun ɗin ma akwai ƙazanta da barkwancin manya.

An fi daɗewa kan John Kricfalusi, wanda ya ƙirƙiro katun ɗin. A 1992 Nickelodeon ta sallame shi, bayan rigima kan jinkirin aiki da abin da yake cusawa a ciki. Wani ya ce baiwa ba ta biyan bashin alkawari. In ka karɓi kuɗin talla, ka miƙa aiki ranar da ka faɗa. Kuma a rubuta sunan kowa, har mai shafa kala.

Da aka zo kan zargin da mata biyu suka yi masa a 2018, cewa ya yaudare su tun suna ƙanana, ɗakin ya yi tsit. Wata malama ta ce duk shaharar oga, kada a bar yarinya mai koyo ita kaɗai da shi, kuma iyaye su riƙa duba saƙonninsu. Ni ma nan na tsaya.