Abin da aka ce mana ba na mace ba ne

Malama, ƙasar Gezawa:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a Islamiyyar matan aure ta ƙauyenmu, wadda muke yi bayan sallar Isha'i idan an gama girki. A makon jiya ɗalibata mafi ƙwazo ta daina zuwa bayan ta kai izu 20, domin uwar mijinta ta ce karatun sallah ya ishi mace. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an jingina hanin ga addini, alhali Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da suke koyar da ɗaliban waje suna barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ce take naɗa wa jajoji, wato matan da ta koyar su zama jagorori, malfa ta tura su ƙauyuka su koyar da mata. Ina roƙon 'yan uwa kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Maman 'Yan Biyu, ƙasar Ringim:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni rubutu aka hana ni. Tun ina budurwa nake sauraron karatun littattafan Hausa a rediyo, bayan aure kuma na fara rubuta nawa labarin a littafin makaranta, da hasken tocila, idan yara sun yi barci. Ina ɓoye shi a cikin kwalla ƙarƙashin zannuwan aurena, har ya cika littafi huɗu. Labarin wata mata ce da aka yi wa kishiya tana cikin jego. Ranar da ƙanwar maigida ta gano shi ta karanta wa mutanen gida, sai kowa ya ce da shi nake, wan maigida kuma ya ce na tona asirin gidansu. Maigidana ba mugu ba ne, amma bai iya musa wa yayansa ba, sai ya ce in saka su a murhu da hannuna don a zauna lafiya. Na saka, na tsaya ina juya tuwo a kan wutar.

Abin da na lura da shi daga baya shi ne, idan namiji ya rubuta labarin kishi ana cewa ya san halin rayuwa, idan mace ce ta rubuta sai a fara tambayar gidan wa take nufi. Shi ya sa da yawanmu suke ɓoye sunansu. Ina yawan tuna Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, amma ta zama ɗaya daga cikin manyan marubutan Kano.

Inna, ƙasar Dambatta, ta hannun jikarta:
Mahaifinmu ya bar gonaki uku da garken awaki. Da aka zo rabo, yayyena maza suka ce mace ba ta noma, saboda haka za su riƙe kasona su riƙa ba ni dami biyu na gero duk kaka. Sun bayar shekara biyar, sannan abin ya tsaya. Sai da na shiga Islamiyya da furfurata na ji aya ta 7 ta Suratun Nisa'i, cewa mata suna da rabo a abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa. An ba ni shawarar zuwa wurin alƙali, na kasa, domin har abada za a ce ni ce na raba zumunci.

Malamin firamare, ƙasar Birnin Kudu:
Ni namiji ne, kuma laifina na zo faɗa. Yayata ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, ita take koya mini lissafi a ƙasa da tsinke. An cire ta daga aji biyar ta koma tallan ƙuli-ƙuli don a tara kuɗin kayan ɗakinta, kuma daga cinikin nan aka saya mini takalmi da littattafan shiga sakandare. Ban taɓa jin nauyin haka ba sai ranar da ta miƙo mini takardar asibiti in karanta mata yadda za ta ba ɗanta magani.

Ɗalibar ilimi, ƙasar Kazaure:
Na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya a wurin mahaifina, yanzu ina cikin Risala. Duk da haka, a tafsirin azumi muna zaune ne a bayan katanga muna jin lasifika, kuma mai tambaya kan haila ko jinin biƙi sai ta rubuta a takarda ta ba yaro ya kai. Da yawa kunya ba ta barin su rubutawa, sai su yi ta sallah da azumi cikin shakka. Na nemi a ba ni zaure in riƙa amsa irin waɗannan tambayoyin, aka ce in bari sai na yi aure, kamar aure ne ijaza, wato izinin koyarwa.

Malama, ƙasar Gezawa:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Inna, haƙƙinki yana nan, kuma limamin garinku zai iya tara ku a zaure ba sai an je kotu ba. Ni ranar Juma'a zan sayi goro in je gaishe da uwar mijin ɗalibata, zan kuma ce mata ƙanin mijin ya riƙa rako ta da fitila. Maman 'Yan Biyu, idan har yanzu labarin yana kanki, ki sake rubuta shi, ki kawo mini in ajiye miki a akwatin makaranta.