Wuta-wuta: furenta aka duba, ko ɓarnarta?

Ɗan Autan Zaure: Salamu alaikum iyayena. A hanyar Tsafe na ga wata gonar dawa ta yi jawur da furen wuta-wuta, ciyawar nan mai kashe hatsi. Na ce wa abokin tafiyata ai daga nan ta samo sunan, gona in ta cika da ita sai ka ce an cinna mata wuta. Ya ce ban san noma ba. Ku raba mu.

Kawu na Mafara: Wa alaikumus salam. Abokinka ya hi ka gaskiya, ɗana. Wane ja? Hurenta ruwan hoda na, wani lokaci har da ɗan shuni. Ka taɓa ganin wuta mai wanga launi? Tun muna ɗiya munka ji tsohhinmu na cewa ta ƙone hatsi. Ƙasa da laima, an yi ruwa jiya, amma dawa ta yi yaushi, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, ta ƙi tashi. Wutar ke nan.

Malamar Hausa: Kawu, a gafarce ni, ni ina bayan Auta. Bahaushe in ya ninka suna haka, kama yake nufi. Kunu ya yi ruwa-ruwa, miya ta yi gishiri-gishiri, mutum fari-fari. To wuta-wuta abu ne mai kama da wuta, ba wutar ba. Kuma kama ido ke ganinta. Ai ruwan hoda ma a wurin kakanninmu ja ne, ba su tsaya rarraba launuka irin na 'yan boko ba.

Kawu na Mafara: Malama, gishiri-gishirin da kika kawo, da ido aka ganin shi ko da halshe?

Malamar Hausa: Kai, Kawu!

Malamin Gona: Baba ya kama ki, Malama. Bari in sa baki da abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa, don a can hujjar take. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya yana zubar da dubu hamsin ko fiye, kuma suna iya kwanciya a gona sama da shekara 10. Ba sa tsira sai sun ji wani sinadari da saiwar gero, dawa ko masara ke fitarwa. Da ta tsira sai ta liƙe wa saiwar tana zuƙar ruwa da abinci, ta yi wata guda ko fiye ba ta leƙo waje ba. Kafin ka ga ganyenta, balle fure, ta riga ta yi mafi yawan ta'asarta. Wato manomi ƙunar yake fara gani, fure sai can daga baya. Wanda ya raɗa sunan manomi ne, ba mai wucewa a mota ba.

Ɗan Autan Zaure: Yaya, wannan ta ƙarshen da ni kake.

Gwaggo ta Ƙaura: Ku dai kuna ta gardama. Mu ƙuduji munka sani. Wasu su ce gaugai, wasu makasar dawa. Wuta-wutar ga a rediyo na hwara jin ta da yawa.

Malamin Gona: Gwaggo, kin ƙara min hujja. Makasar dawa ai ɓarna aka duba. Turawa ma sunan da suka ba ta na maita ne, saboda shuka na lalacewa ba a ga mai cin ta ba. Sannan ga wadda ke kama wake: jinsinta daban, gajeruwa, furenta ƙanana fari-fari ko shuɗi-shuɗi, ba ruwanta da ja. Ita ma wuta-wuta muke ce mata. Irin waken SAMPEA 10 na cibiyar binciken noma ta Samaru ma saboda jure mata aka yaɗa shi.

Malamar Hausa: Wannan ba ta kashe maganata ba. Suna yakan faro daga abu guda ya bi danginsa. Kuma akwai jinsin da furensa ja ne wur, shi ne ma ya ɓulla a gonakin masarar Amurka a shekarun 1950 ya tayar musu da hankali.

Malamin Gona: Akwai shi, amma ba shi ke cin dawar Zamfara ba.

Alhajin Kasuwa: Ni ina ganin duk kun yi nisa. Kururuwa ce kawai. Mutum ya je gona ya gan ta ya ce wuta! wuta!

Gwaggo ta Ƙaura: Alhaji, koma wajen buhunanka.

Kawu na Mafara: Wani abu zan ƙara. Sadda auduga ke da daraja, injinan gurza na Gusau na aiki, gonar da anka yi auduga bara in ka sa dawa bana, abin na ragewa. Mi ak kawo haka?

Malamin Gona: Yaudararta auduga ke yi, Baba. Saiwarta na fitar da sinadarin nan, irin ya tsira, amma ba ya iya kama ta, sai ya mutu cikin 'yan kwanaki. A saiwar auduga ma aka fara gano sinadarin a 1966. Waken suya da gyaɗa su ma suna yin haka. Sai kuma taki, don gonar da ta gaji ta fi addaba. Auta, mai gonar da ka gani ya makara. Kafin ta zubar da iri ake tuge ta, a fitar da ita daga gona a ƙone.

Malamar Hausa: To ga wuta ta uku ta shigo. Ni dai ban sauka ba. Gwaggo, ƙudujin fa, daga ina?

Gwaggo ta Ƙaura: Ɗiyata, tuwo na bisa murhu.