Sabon ɗan sabis: ta ina giɓi yake shigowa?

Sabon shiga:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan fara aikin sabis a wani gidan abinci a Kano, tebur 14, mu uku ne masu kai abinci. An ce min duk giɓin kuɗin da aka samu idan an tashi, daga albashin mai kula da teburin za a cire. Don Allah yayyena, ta ina giɓin nan yake shigowa? Kuma yaya mutum zai riƙe odar tebur huɗu ko biyar a lokaci ɗaya bai rikice ba?

Tsohon hannu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Yawancin giɓi tun wurin karɓar oda ake haifarsa. Ka nemi ƙaramin littafi mai kabon, kowace oda ta fita biyu, ɗaya ta tafi kicin, ɗaya ta zauna a aljihunka. A sama ka sa lambar tebur. Sannan ka ba kujeru lamba a ranka, ka fara daga wanda ke kusa da ƙofa ka bi hannun dama, kullum haka, don kada ka dawo da tire kana tambayar wa ya ce sakwara.

Idan kwastoma ya ce "kawo tuwo", bai gama magana ba tukuna. Na shinkafa, na masara ko semo? Malmala nawa? Kuka, taushe ko kuɓewa, kuma ɗanya ko busasshiya? Nama yanka nawa? Man shanu da yaji a kai ko a gefe? Ka taƙaita rubutun, kamar TS2, kuka, N3, wato tuwon shinkafa malmala 2, miyar kuka, nama yanka 3, amma ku daidaita da kuku tun da safe, don TS na iya zama shinkafa a wurinka, semo a wurinsa. Kafin ka bar teburin ka karanta masa odar ya ji da kunnensa.

Babbar ƙofar asara ita ce ƙari. Kana wucewa da kaya wani ya ɗaga hannu, "yaro, ƙaro nama biyu da ruwan gora." Ka kawo, ba ka rubuta ba. Kicin sun ƙirga nama biyu sun fita, takardarka ba ta san da su ba. Ƙa'ida ɗaya ce: alƙalami kafin ƙafa.

Uwar kicin:
Ɗana, abin da aka faɗa maka daidai ne, sai dai ka ƙara da wannan. Farantin da aka dawo da shi ma giɓi ne, kuma sau da yawa laifin ɗauka ne. Kada ka karɓi tuwo ka tsaya jiran miya, tuwon masara da ya sha iska bayansa tauri yake yi. Odar tebur ɗaya ta fita tare.

A tire, abu mai nauyi tsakiya, kwanon miya ta wajen jikinka, gorunan ruwa a kwance. Tafin hannun hagu a ƙarƙashi, dama ita ke saukewa, ba a miƙa wa mutum abinci da hagu. Ka sauke gefe da gefe, in ka kwashe ɓangare ɗaya gaba ɗaya tiren zai rinjaya. Babban yatsa kada ya leƙa cikin faranti, kofi kuma ta gindi ake kama shi. Ruwan wanke hannu da sabulu su riga abinci isa, kuma babba a teburin shi ake fara ajiye wa.

In mutum ya ce ba ya cin gyaɗa, ka zo ka tambaye mu, kada ka amsa da ka, taushe da yawa da gyaɗa ake yin ta, yajin tsire kuma da ƙuliƙuli. Mai olsa a ba shi yaji a gefe. Abincin da ya wuce awa 2 a waje ba a kan wuta ba, kada ka yarda ka kai shi.

Mai kanta:
Malam, ga ɓangaren kuɗi. Hoton tiransifa a wayar kwastoma ba biya ba ne. Sai alat ya shigo wayar gidan ko na'urar POS, adadi da suna sun yi daidai. In kati ne, ka karanta risit ɗin, don na'urar tana fitar da takarda ko da cirar ba ta yi ba. In ya ce an cire masa amma bai shigo ba, ka kira manaja, kai ba ka da hurumin cewa ya tafi. Kuma ko netwok ya ɗauke, kada ka ba da lambar asusunka a tura.

Tsabar kuɗi ka ƙirga a gabansa da baki: "ka ba ni 10,000, abincinka 7,500, ga canji 2,500." Tukwici aljihunsa daban. Da an biya ka ja layi a kan kwafinka.

Ka kula da taron abokai, musamman bayan sallar Juma'a da lokacin buɗa-baki. Suna tashi ɗai-ɗai, kowa na cewa na baya zai biya. Tun farko ka tambaya cikin ladabi, "ranka ya daɗe, lissafi ɗaya ne ko kowa da nasa?"

Tsohon hannu:
A nan na ɗan saɓa da kai, Mai kanta. In akwai dattijo a teburin, wannan tambayar a gaban baƙinsa za ta iya ɓata masa rai. Gara a bari sai an kusa gamawa, a rusuna ta gefensa a ajiye takardar a kife. Samari kuwa, a tambaye su tun kafin su wanke hannu.