Wa ya kalli Contergan? Ku faɗi yadda fim ɗin ya same ku

Ma'aikaciyar jinya, Kolon: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kalli Contergan, fim ɗin Jamus mai kashi biyu da tashar ARD ta nuna a 2007. Labarin wani lauya ne da matarsa ta sha ƙwayar barci ɗaya tak tana da juna biyu, aka haifi 'yarsu ba hannuwa. Maganin na gaske ne, sunansa Contergan: kamfanin Grünenthal ya sayar da shi daga 1957 zuwa ƙarshen 1961, da farko ko takardar likita ba a nema. Har yanzu jikina a sanyaye yake.

Maman biyu, Hamburg: Wa alaikumus salam. Anti, ni ina da cikin wata huɗu na kalle shi, kuma da na sani da na bari sai na sauka. Daren nan na zazzage jakar magunguna a kan gado, har da maganin laulayi, ina karanta takardunsu ɗaya bayan ɗaya. Washegari na kwashe su duka na kai wa likitata, ta zauna ta bi su da ni. Ashe a garin nan ma likitan yara Widukind Lenz ya gano alaƙar maganin da nakasar jariran.

Ɗalibin lauya: Ni kashi na biyu ne ya ƙona min rai, wato shari'ar. An fara ta a Alsdorf a 1968, aka rufe a 1970 ba a yanke wa kowa hukunci ba, kamfanin ya biya mak miliyan 100, kuɗin Jamus na lokacin. Shi kansa fim ɗin sai da kamfanin ya kai shi kotu kafin a samu nuna shi. Neman afuwa kuwa sai 2012.

Baban Kano: Ɗana, mu da muka ga annobar sanƙarau ta 1996, wannan ba baƙon labari ba ne. Yara 200 aka saka a gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano. Ina kallo da ƙanena, muka kai wurin da iyaye ke zaune a kotu, ya tashi ya fita waje bai ce uffan ba.

Ma'aikaciyar jinya, Kolon: Allah sarki, Baba. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa sashenmu, hannuwanta gajeru ne daga kafaɗa. Da yatsun ƙafa take riƙe biro ta sa hannu. Ranar Litinin za ta dawo.