Wacce zan ce masa ya sallama?

Mai bishara, bakin tafkin Lagdo:

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Iyayena fastoci da iyaye mata, shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Shekarata uku ina riƙe da wata ƙaramar majami'a a ƙauyen masunta. Mutanenmu gauraye ne, don tun da aka gama madatsar Lagdo da ke arewacin Kamaru a 1982 jama'a suka kwararo nan, Musgum, Masa, Tupuri, Mafa, ga 'yan Najeriya. Da Hausa da Fillanci muke sujada, su ne kowa ke ji.

Akwai wani dattijo da ya haura sittin, matansa biyu. Ya aure su tun yana bin addinin kakanni, ya biya shanun sadaki cif, har takardar aure ta ofishin magajin gari yana da ita, an rubuta auren mata fiye da ɗaya. Uwargida 'ya'yanta biyar, ƙaramar huɗu. Ƙaramar ce ta fara ba da gaskiya. Ita ta jawo uwargidan, yara suka biyo, shi maigidan sai daga baya. Da hannunsa ya fasa tukunyar tsafin da ke gindin rumbunsa, ina tsaye.

Su ukun sun gama ajin baftisma. Faston gunduma zai zo kafin Ista, ya ce in kai masa sunaye. Dattawan ikkilisiyarmu sun ce a rubuta uwargida kawai. Maigida sai ya sallami ɗaya, ƙaramar kuma sai ta bar gidan. Daren jiya ya zo wurina, ya zauna a kan kifaffen turmi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Malam, kai ka san Littafin. Faɗa mini wadda zan sallama, ni bakina ba zai iya ba." Na ce masa ya ba ni mako guda. Me zan gaya masa?

Dattijon ikkilisiya, Gidar:

Malam, abin ba shi da wuya, tausayi ne ya rufe maka ido. Farawa 2:24 mutum da matarsa ne, Ubangiji kuma ya maimaita a Matiyu 19. Matar fari ita ce mata. Ya gina wa ƙaramar ɗaki a wani waje, ya ci gaba da ciyar da ita da yaranta, amma kwana ya ƙare. In ka buɗe wannan ƙofa yau, gobe saurayin da aka ɗaura wa aure a majami'a zai ƙaro ta biyu ya nuna maka gidan dattijon nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wata uwa daga Zumuntar Mata, Marwa:

Baba dattijo, da girmamawa nake tambaya: ɗakin da za a gina mata a wani waje, mene ne sunanta a cikinsa? Ba matar aure ba, ba bazawara ba. Idan ta koma gidan ubanta, 'yan'uwanta za su ce ina shanun da za a mayar, an riga an auro wa ƙannenta mata da su. Yara kuma na gidan uba ne, haka al'adar take a yawancin ƙabilunmu. Wato mace ta kawo gida guda wurin Yesu, ladanta a raba ta da mijinta da 'ya'yanta huɗu? Ku maza kuna zama a ƙarƙashin dalbejiya ku yanke, mu ne muke ganin inda matan nan suke ƙarewa. Na san biyu. Ɗaya tana dafa bilbil, wato giyar dawa, yanzu don ta ci abinci, kuma mu ɗin nan da muka fitar da ita mun dawo muna cewa ta faɗi.

Dattijon ikkilisiya, Gidar:

Mama, ban ce a jefar da ita ba. Na ce a ciyar.

Wata uwa daga Zumuntar Mata, Marwa:

Ciyarwar wata nawa, Baba? Mai kamun kifi ne fa, ba ma'aikacin gwamnati ba. Tukunya biyu a gida ɗaya ma da ƙyar.

Ɗalibin tauhidi, Kaele:

Ɗan'uwa, ka sani ba kai ka fara cin karo da wannan dutse ba. A taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth ta ƙasar Ingila a 1888 an yanke cewa mai mata da yawa ba za a yi masa baftisma ba, a bar shi a aji yana koyo, amma an ce matan ana iya yi musu a wasu halaye. Ka lura da wannan, ko tsauraran mutanen wancan zamani ba su rufe wa matan ƙofa gaba ɗaya ba, alhali dattawanka sun rufe wa ƙaramar. Bayan shekara ɗari, a 1988, taron ya sake zama a kan maganar, bisa roƙon bishop-bishop na Afirka, ya ce ana iya yi wa irin wannan mutum baftisma tare da matansa masu bi da 'ya'yansa. Sharuɗɗan su ne ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana raye, jama'ar ikkilisiyar wurin su yarda, kuma kada a tilasta masa sakin kowa saboda wahalar da za ta shiga. Lutheran na Laberiya sun riga su tun 1951: baftisma da Jibin Ubangiji, amma ban da riƙe muƙami.

Game da nassi, 1 Timoti 3:2 da Titus 1:6 sharaɗin shugabanci ne, ba na baftisma ba. 1 Korintiyawa 7 daga aya 17 Bulus yana magana a kan mutum ya zauna a halin da kira ya same shi, ko da yake gaskiya misalansa kaciya ne da bauta, ba kishiya ba, kada mu ja ayar fiye da tsawonta. Fitowa 21:10 kuma ta hana mai mata biyu rage wa ɗaya abinci da tufafi da hakkin aure. Ni ban ga inda Sabon Alkawari ya umarci sabon tuba ya saki mace ba, amma na ga Markus 10 ya hana saki ƙarara. Wannan ba ya nufin nassi ya yaba wa auren mata biyu. Duba gidan Elkana kawai, Hannatu ko abinci ba ta iya ci don gorin kishiya.

Katikis, Tokombere:

A wurinmu Katolika dokar a rubuce take, kanon 1148: ya zauna da ɗaya, in zama da ta farin ya yi masa wuya yana iya zaɓar wata cikinsu, kuma wajibi ne a tabbatar an biya bukatun waɗanda aka rabu da su bisa adalci. A takarda ke nan. A aikace na ga tsofaffi da yawa sun zaɓi su zauna a benci na baya shekara da shekaru, ba baftisma, don ba za su iya korar uwar 'ya'yansu ba. Wasu sai a gadon mutuwa. Ban taɓa iya raina su ba.

Tsohon fasto mai ritaya, Garwa:

Ɗana, bari in ba ka nawa, ba daga littafi ba. Ina sabon fasto a wani ƙauye wajen Yagwa, aka kawo mini irin wannan magana, mata uku. Na tsaya kai da fata sai ya sallami biyu, ina jin kaina jarumin bangaskiya. Ya yi biyayya. Ranar da ta tsakiyar za ta tafi ina wurin, don ni na ce zan yi addu'a. Ta ɗaure ƙwaryarta da tabarma da tukunya ɗaya. Ɗanta ɗan shekara shida ya riƙe bakin zanenta, kakarsa ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na yi addu'ata, na hau kekena. Mutumin ya samu baftisma, ya zama mai karɓar baiko. Yaron nan ya girma, yau magidanci ne, bai ƙara taka majami'a ba, kuma in ya hango ni a kasuwa yakan sauya hanya. Shekara arba'in ke nan ban sami abin da zan ce masa ba.

Ban ce maka dattijon Gidar ba shi da hujja ba. Tsoronsa gaskiya ne, na ga masu baftisma sun ƙaro aure suna fakewa da Ibrahim da Dauda. Amma waɗannan horon ikkilisiya ne maganinsu, hukuncinsu daban da na wanda bishara ta tarar da matansa. Mu kuma mu ji kunya kaɗan: mai mace ɗaya a takarda da dadiro a wata unguwa yana cin Jibin Ubangiji kowane wata ba mai tanka masa, sai wanda ya riƙe nasa a fili, ya biya sadaki, yana rabon kwana da adalci, shi muke tsarewa a ƙofa.

Ga abin da zan ce ka yi. Kada ka zaɓar masa, ba aikinka ba ne, kuma duk wadda ka ambata jininta yana wuyanka. Kada kuma ka yi gaban kanka ka yi alkawarin baftisma, kai mai bishara ne a ƙarƙashin fasto, ikkilisiyarku tana da tsarin mulkinta. Ka hau babur ka je wurin faston da kanka, kada ka yi ta waya. Ka nemi ya nuna maka abin da aka rubuta a tsarin, domin sau da yawa abin da dattawan ƙauye ke kira doka, abin da suka ji wani Bature ya faɗa wa kakanninsu ne. In tsarin ya hana maigidan, ka roƙa wa matan biyu. Shi kuma ka gaya masa gaskiya: ruwa na iya jira, ceto bai rataya a kan ya kori kowa ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai shiga tafki ba.

Wani ɗan'uwa, Lere, Cadi:

Baba fasto ya gama magana. Ƙari ɗaya: an tambayi uwargidan kuwa? Kowa na magana a kanta, ba wanda ya ji bakinta.

Dattijon ikkilisiya, Gidar:

Baba fasto, na ji, kuma labarin yaron ya taɓa ni. Amma ina nan a kan bakana game da muƙami da Jibin Ubangiji. In an yi masa baftisma, a bayyana wa jama'a dalili daga bagade, kada matasa su ɗauka an sassauta.

Mai bishara, bakin tafkin Lagdo:

Na gode, iyayena. Ɗan'uwa na Lere, ka kama ni, ban tambaye ta ba. Yau da safe na je tare da matata. Mun tarar da su biyun a wurin banda, uwargida tana jera karfasa a kan waya, ƙaramar tana gyara wuta. Matata ce ta yi tambayar da Fillanci. Uwargidan ba ta ɗago ba, ta ce lokacin da ta kwanta ciwo wata huɗu wannan ce ta yi mata wanka ta riƙe mata yara, in ba za a rubuta sunan ƙanwarta ba a goge nata. Ƙaramar ba ta ce komai ba, hayaƙi ne ko kuka ban sani ba.

Yanzu takardata ba suna ko ɗaya daga gidan. Ranar Alhamis zan tafi wurin fasto, na ari babur. Baba na Garwa, in ya ce tsarin bai yarda ko da matan ba, akwai matakin da ake kai ƙara sama da gunduma, ko nan maganar ta tsaya?

Tsohon fasto mai ritaya, Garwa:

Akwai, majalisar da ke sama da shi, amma ta hannunsa za ka bi, a rubuce. Je ka dawo tukuna. Ka tafi da ɗaya daga cikin dattawan da suka ƙi, ya ji da kunnensa.